Ranar da Na Ƙi Sa Hannu

'Yata ta fari tana da shekara goma sha biyar lokacin da ciwon cikin ya same ta. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa kiransa ba, kamar yadda mahaifiyata ba ta taɓa kiran na yayana ba. "Ke" nake ce mata, a gaban mutane kuma in ce "yarinyar nan". A gidan aurena na Ƙofar Kuyambana, wanda gidan gado ne mai sassa huɗu, ba a san uwa da nuna damuwa a kan ɗan fari ba. In ya yi zazzaɓi kakarsa ce mai jinya, in ya yi laifi baffansa ne mai hukunci. Ni ma a haka na taso, kuma ban taɓa jin abin ya takura ni ba sai a makon da aka kai ta asibiti.

Ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Galadima. Maigidana, Malam, ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, yakan zo mana ƙarshen mako. A lokacin kuwa an tura su wani kwas can Kudu na mako uku, sai dai waya. Babba a gidan shi ne yayansa, wanda muke kira Yaya Alhaji, ɗan kasuwar hatsi. Mutumin kirki ne, ba ya bambanta 'ya'yansa da na ƙannensa, kuma in ya yanke magana ba a saba a ƙara wata a kai ba.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Takan dawo daga makaranta ta ajiye jaka, ta kwanta a tabarmar ɗakin Hajiya, kakarta, ta dafe gefen cikinta na dama, ƙasa da cibiya. Bayan kamar awa guda ta tashi ta ci abinci ta tafi Islamiyya. Hajiya ta jiƙa mata kanwa, ni kuma na sayo mata ƙwayoyi a kemis ɗin bakin layinmu. Yau ya lafa, jibi ya dawo. Haka muka yi kusan mako uku. Ran wata Litinin sai ga malamarsu ta kawo ta gida a keke mai ƙafa uku, ta ce ta yi amai a aji, ga jikinta da zafi.

Washegari Yaya Alhaji ya ce a shirya ta. Ya ɗauke mu ni da ita a tsohuwar motarsa, ya kai mu wani asibitin kuɗi da ke wajen ganuwa. Mai asibitin shi ke duba masa hawan jini shekara da shekaru, ya kuma ji daɗin hannunsa. Wurin tsaf yake, ga tayil, ga talabijin a bango, ga janareto na ta ruri a baya. Likitan mutum ne mai fara'a. Sun daɗe suna gaisawa da Yaya Alhaji, har da tambayar farashin masara, kafin ya juyo wajen yarinyar.

"Ina ke miki ciwo?"

Ta nuna. Ya danna wurin sau ɗaya ta saman hijabinta, ta ɗan janye jiki.

"To," ya ce, ya ja takarda ya fara rubutu.

Iyakar tambayar da ya yi mata ke nan. Sauran maganar duk da Yaya Alhaji ya yi ta.

Ranar an ɗebi jininta kwalba uku, an yi gwajin maleriya da na taifot, aka tura mu ɗakin sikanin. Mai sikanin ya shafa mata wani ruwa mai kauri mai sanyi a ciki, ya daɗe yana goga na'urar yana kallon allo yana tsuke baki. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, me ka gani?"

"Hajiya, iska ta cika hanjin, ba a ganin komai sosai. Likita zai yi muku bayani."

Bayanin likita shi ne akwai maleriya kaɗan, akwai taifot kaɗan, amma ba su ne damuwarsa ba. Ya ce mu dawo gobe kada ta ci komai, a sake sikanin. Ran Laraba muka dawo, aka sake. Aka sake ɗiban jini, wannan karon sai da aka soke ta sau uku kafin a sami jijiya, har gwiwar hannunta ta yi baƙi. Daga nan aka ce a ɗauki hoton ƙirji. Na tambayi nas ɗin da ke raka mu me ya haɗa ƙirji da ciwon ciki. Ta ce, "Haka ake yi," ta ci gaba da tafiya.

Wajen azahar likita ya kira mu ofishinsa. Takardun gwaje-gwajen na baje a kan tebur.

"Alhaji, afendis ne. Gara a cire shi tun bai fashe ba. Za mu kwantar da ita yau, gobe da safe a yi aiki. Aikin minti talatin ne."

Yaya Alhaji ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a."

Ba wurin maganata ba ne. Amma ina ta tuna abin da mai sikanin ya faɗa jiya, cewa ba a ganin komai, kuma yau ma da na dubi fuskarsa ban ga alamar ya ga wani sabon abu ba.

Aka ba ta gado a ɗakin mata, ɗaki mai gado shida. Da yamma na zauna a bencin baranda kusa da wata mata mai ƙullin fura a kwano. Muka gaisa, na yi mata ya mai jiki. Ta ce 'yarta ce aka yi wa aiki shekaranjiya, afendis. Ta nuna min gadon da ke kusa da taga, ta ce waccan ma afendis ne, da wadda aka sallama da safe. Dukansu 'yan mata ne sa'o'in tawa.

"Kamar annoba," in ji ta. "Tawa ma ciwon mara take yi duk wata, ashe wai shi ne."

"An nuna miki abin da aka cire?"

"An nuna min wani ɗan abu a kwalba. Ni ina na san yadda mai lafiya yake, balle marar lafiya?"

Ta yi dariya. Ban san komai a aikin likita ba. Ajin 'yan shekara takwas nake koyarwa. Mai yiwuwa ne duk 'yan matan nan suna buƙatar aikin, kuma har yau ban san gaskiyar nasu ba. Amma na shiga ɗakin na dubi tawa. Tana zaune a kan gado ta naɗe ƙafa, tana hira da ta kusa da taga, tana tambayata ko an bar mata dambun da Hajiya ta ce za ta yi. Yarinyar da za a yanka gobe don kada hanjinta ya fashe, dambu take nema.

Ran Alhamis da safe aka sa mata ƙarin ruwa, aka ba ta wata koriyar riga mai igiya a baya. Yaya Alhaji ya bugo waya ya ce motar hatsi ta iso masa, zai sallame ta ya taho. Wajen ƙarfe tara nas ta zo da fayil da biro.

"Ina mahaifinta?"

"Ya yi tafiya."

"To ke sa hannu a nan, ɗakin tiyata a shirye yake."

Na karɓi takardar na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Tana cewa an yi min cikakken bayanin ciwon, da aikin, da haɗarinsa, da sauran hanyoyin da za a iya bi, na kuma fahimta na yarda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi min. Na ce ina son ganin likita tukuna. Ta dube ni, ta dubi agogo, ta fita.

Ya zo da rigar tiyata a jikinsa, fara'ar tana nan amma ta ragu.

"Hajiya, lafiya?"

"Likita, don Allah tambaya gare ni. A sikanin ɗin an ga afendis ɗin ya kumbura?"

"Ba kullum ake ganinsa a sikanin ba."

"To a jinin fa?"

"Jinin ya nuna akwai ciwo a jiki."

"Ya nuna a ina yake?"

"Ke ma'aikaciyar lafiya ce?"

"A'a, malamar firamare ce."

"To Malama, shekarata ashirin ina wannan aikin. Hannuna ya gaya min abin da ke cikin nan. In kika tsaya tambaye-tambaye ya fashe, ba aikin minti talatin za a yi ba, kuma ba kowa ke tashi ba. Na ga irinsa da idona."

A gabanta ya faɗa. Na ga ta damƙe zanin gadon, idonta ya ciko.

Na fita baranda na kira Malam. Sai a kira na huɗu ta shiga, yana magana ƙasa-ƙasa don suna cikin aji. Na gaya masa komai a gurguje. Ya ce, "Me Yaya ya ce?" Na ce Yaya ya yarda. Ya ce, "To ki bi abin da ya ce mana. Ni ina nan, ban ga yarinyar ba, me zan ce?" Na ce ni na gan ta, kuma hankalina bai kwanta ba. Ya ce zai kira Yaya in sun fito. Wayar ta yanke.

Ina tsaye a wurin Yaya Alhaji ya shigo, da ƙurar buhu a hannun rigarsa. Nas ta riga ni isa wurinsa, na ga tana yi masa bayani tana nuno ni da biro. Ya karɓi fayil ɗin, ya ƙaraso.

"An ce kin ƙi sa hannu. Tsoro ne, na sani. Bari ni in sa, ai ni ne ubanta."

Ya ɗora takardar a kan bango zai rubuta. Shekara goma sha bakwai ina gidansu, ban taɓa yi masa magana a tsaye ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na durƙusa a tayil ɗin barandar, mutane na wucewa.

"Yaya, don girman Allah kada ka sa."

Ya tsaya, biron na kan takarda.

"Ba na ce likita bai san aikinsa ba. Amma kwana biyu ana gwaji, ba gwajin da ya nuna abin da za a cire. Bai tambaye ta komai ba. Jiya dambu take nema. Ina roƙon a bar ni in kai ta babban asibiti wani ya sake dubawa. In sun ce a yi, wallahi a can zan sa hannu ko a dawo nan."

"In ya fashe a hanya fa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ki sani ba." Ya sauke takardar. "Mutumin nan shi ya riƙe lafiyata shekara nawa. Yanzu in shiga in ce masa matar ƙanena ta ce bai iya ba?"

"'Yata ce, Yaya. Ba zan iya ba."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. A gidanmu uwa ba ta faɗin haka a kan 'yar fari, balle ga yayan miji, balle a bainar jama'a. Sannan ya miƙa wa nas fayil ɗin.

"Tunda 'yarki ce, sai ki yi yadda kika ga dama."

Ya juya ya fita. Na ji tashin motarsa.

Likita bai sake fitowa ba. Nas ce ta dawo da wata takarda dabam, ta ce in dai zan tafi da ita sai na sa hannu a wannan. Ita ma na karanta. Tana cewa na ɗauke marar lafiya ba da yardar likita ba, an gargaɗe ni cewa za ta iya rasa ranta, kuma duk abin da ya faru ni ce da alhaki. Wannan kam duk abin da ke cikinta gaskiya ne. Na sa hannu. Na nemi a ba ni takardun gwaje-gwajen, aka ce na asibiti ne. Sai da na tsaya a bakin ofis na ƙi motsawa kafin aka bar ni na ɗauke su a hoto da wayata.

Aka cire mata ƙarin ruwan, aka manna auduga da filasta. Ta mayar da kayanta, muka fito titi na tsayar da keke.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, ko da yake ba ta fi ta minti arba'in ba. Duk ramin da keken ya faɗa sai ta runtse ido ta dafe wurin, ni kuma in ji kamar a cikina ne. Ina ta maimaita maganar likita a raina, ba kowa ke tashi ba. Na ce wa mai keken ya bi a hankali, bayan minti biyu na ce ya yi sauri. Ya waiwayo ya dube ni. A wani cunkoso muka tsaya bayan wata tirela, sai ta kwantar da kanta a kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana 'yar yaye.

"Umma, mutuwa zan yi?"

"A'a."

"To me ya sa ya ce haka?"

"Yi shiru, mun kusa."

Na faɗi a'a ɗin ne ba don na sani ba.

Babban asibitin gwamnati ba tayil mai sheƙi, ba talabijin. Mutane ne ko'ina, wasu a benci, wasu a ƙasa a kan tabarmi. Na yanki kati, na gaya wa nas ɗin sashen gaggawa cewa an ce afendis ne kuma zai iya fashewa. Ta auna zafin jikinta da bugun jini, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce mu zauna. Muka zauna daga kafin azahar har kusan la'asar. Aka shigo da masu haɗarin mota aka wuce da su ta gabanmu. Jikin yarinyar ya ƙara zafi, leɓenta ya bushe, don tun jiya da yamma ba ta ci ba ta sha ba. Sau biyu na miƙe da niyyar in kira Yaya Alhaji in ba shi haƙuri mu koma inda muka fito, inda gado da ɗakin tiyata ke jiranta. Sau biyu na koma na zauna.

Da aka kira mu, wata likita muka samu, mace mai ɗan shekaru, da tabarau a ƙarshen hanci, da ɗalibai biyu a bayanta. Ta karɓi wayata ta duba hotunan takardun ɗaya bayan ɗaya. Ta ja labule, ta sa yarinyar ta kwanta ta buɗe cikin. Ta fara dannawa daga hagu, a hankali, tana kallon fuskarta ba cikin ba. Ta danna ta saki, ta ƙwanƙwasa, ta buga mata baya wajen ƙugu. Ta ce ta yi tari. Ta ce ta sauko ta yi tsalle da ƙafa ɗaya. Yarinyar ta dube ni, ta yi, har ta ɗan yi murmushin kunya.

Sai ta ja kujera ta zauna daf da ita.

"'Yata, kina jin yunwa?"

"Sosai."

"Yaushe rabonki da bayan gida?"

Ta sunkuyar da kai. Likitar ta juya ta ce wa ɗaliban su ba mu wuri. Ta dube ni kamar ni ma za ta ce in fita, sai ta bar ni.

"Faɗa min, ba mai ji."

"Ya kai kwana biyar."

"Da ma haka kike daɗewa?"

Ta ɗaga kai alamar e.

"In kina fitsari da zafi?"

"Da zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ciwon cikin ya fara."

"Kofi nawa na ruwa kike sha a makaranta?"

"Ba na sha."

"Ko kaɗan?"

Daga nan maganar ta fito, tana yi tana kallon yatsunta. Bayan gidan makarantarsu ba ruwa, kuma tun farkon zangon karatu ƙofofin suka ɓalle. Ta bayan katanga ana hango wanda ke ciki, samari kuma sun gane haka. Don haka ita da ƙawayenta suka daina shiga. Don kada fitsari ya matse ta, ba ta shan komai tun daga karin safe har a tashi ƙarfe biyu. In ta dawo gida ta ɗan kurɓa kaɗan, saboda a Islamiyya ma layi ake yi. In ya matse ta a aji sai ta riƙe har gida. Wata uku ke nan.

Ina tsaye a bakin labulen na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kullum da safe ni nake cika mata gorar ruwa, kullum ta dawo da ita a cike, na ɗauka a makaranta take sake cikawa. A makarantar da nake koyarwa ma haka bayan gidan yara yake, mu malamai muna da namu mai kwaɗo. Ɗaki ɗaya ya raba ni da ita a gida, amma irin wannan maganar ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, ni ina kunyarta, ita tana kunyata.

Likitar ta juyo wurina.

"A duk takardun nan ban ga gwajin fitsari ba. An yi?"

"Ba a yi ba."

Ta rubuta shi, shi kaɗai. Na ce, "Likita, ke nan ba afendis ba ne?"

"Ban ce ba shi ba ne. Na ce ban gan shi ba tukuna. Cikinta da laushi, tana jin yunwa, tana tsalle. Na fi zaton ciwon mafitsara ne da taurin bayan gida. Amma afendis yakan yi wa likita wayo, ni ma ya taɓa yi min. Zan riƙe ta a nan, a riƙa duba cikin bayan kowane awa huɗu. In ya canza, ni da kaina zan shiga da ita tiyata, kuma a lokacin ba na son gardama."

Na ce ba za ta ji gardama ba.

Aka samo mata gado da ƙyar a ƙarshen wani dogon ɗaki. Aka mayar da ƙarin ruwa, aka fara mata allurai. Kafin magariba zazzaɓin ya hau sosai, tana rawar sanyi, haƙoranta na haɗuwa. Wani matashin likita ya zo ya danna cikin, ya daɗe yana dannawa, ya fita ya kira wani. Suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa, na tsinci kalmar tiyata a ciki. Na riƙe ƙarfen gadon. Suka ce za a jira dubawa ta gaba.

A daidai lokacin na hango Yaya Alhaji a bakin ƙofar ɗakin, da kwanon samira a hannu. Ban san yadda aka yi ya gano ɗakin da muke ba. Bai shigo ba, bai dube ni ba. Ya tsaya yana kallon yadda bargo ke karkarwa a jikinta. Ya ba wata nas kwanon ya ce saƙon kakarta ne, ya tambaye ta wani abu, ta amsa, ya tafi. Da ya yi min faɗa a lokacin da ya fi min sauƙi.

An duba ta sau uku kafin gari ya waye, ina ƙirgawa. Da hantsi likitar ta zo zagaye da takardar gwajin a hannu. Zazzaɓin ya sauka, yarinyar ta yi gumi har zanin gado ya jiƙe. Ta danna cikin, ta sake dannawa da ƙarfi, yarinyar ba ta motsa ba.

"Fitsarin cike yake da ƙwayoyin cuta," ta ce. "Ya fara hawa sama, shi ya kawo zazzaɓi da amai. Da an ƙara mako biyu a haka da ƙodarta muke magana. A ba ta abinci."

Na tambaye ta, da an yi aikin jiya fa? Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

"Da an cire afendis, da ta warke daga yankan, da ciwon yana nan. Ban ga yarinyar a ranar da wancan likitan ya duba ta ba, don haka ba zan yi masa hukunci ba. Amma ke ma ki ji. Kin yi daidai da kika nemi a sake dubawa. Mako ukun da kuka yi kuna ba ta kanwa da ƙwayar kemis, wannan ba daidai ba ne."

Na ce na ji.

Ran Lahadi aka sallame mu da magunguna na kwana goma, da umarnin ruwa da ganye da gwanda. Hajiya ta tare mu a zaure, ta rungume jikarta, ni kuma ta ce min, "Sannu," ba ta ƙara ba. Daga baya na ji a bakin matan gidan cewa maganar da na yi a baranda ta riga ni isowa.

Malam ya dawo bayan mako guda. Ya saurari labarin tun daga farko, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tambaye ni abin da Yaya ya tambaya, in da ya fashe a hanya fa. Na ce har yanzu ba ni da amsa. Ya sa na bi shi sashen Yaya Alhaji na durƙusa na ba da haƙuri a kan yadda na yi magana. Ya ce ya wuce. Amma kusan wata biyu in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa, ba ya ƙara tambayar yara da aiki kamar da. Bai daina zuwa wurin likitansa ba, kuma ban taɓa jin sun yi maganar ba.

Da yarinyar ta koma makaranta na nemi izini a wurin aiki na je na ga shugabarsu. Ta ce ta san matsalar, ta rubuta takarda sama ba sau ɗaya ba. Na roƙe ta ta raka ni in gani. Muka tsaya daga nesa, muka toshe hanci da mayafi. A taron iyaye na gaba na miƙe na faɗi abin da ya faru, ban ambaci ko 'yar wa ba ce. Mata uku suka same ni a waje bayan an tashi, kowace ta ce tata ma ba ta shan ruwa. Wani uba kafinta ya ɗauki nauyin ƙofofi, aka ƙara wa katangar bulo layi uku, aka sayi tanki. Ƙofofin suna nan har yanzu. Ruwan tankin kuwa wani mako a samu, wani mako babu, haka aka yi ta yi har ta gama makarantar.